Wutar da Ta Ƙi Gasa Naman Guba

Shehinmu, Allah ya haskaka makwancinsa, kogin ilimi ne, mai tsentseni da zuhudu, wanda harshensa bai gushe da ambaton Ubangiji ba. Mu manoman rake na bayan Labasa, a tsibirin Vanua Levu, Maulbi kawai muke ce masa, kuma ni Munif na zauna gabansa ina ɗaukar karatu tun ina saurayi har furfura ta fara fito mini. Abin da zan faɗa nan idona ne ya gani.

A shekarar da babbar guguwa ta karya itatuwan kan dutse, aladun daji suka rasa abinci suka gangaro mana. Gonar rogo da mutum ya yi wata da watanni yana wahala a kanta, sai ya wayi gari ya tarar an tone ta kamar an bi da garma. Gwaza, dankali, har rake, ba su bar komai ba. A cikinsu akwai wani ƙaton namiji mai haure kamar lauje, wanda ya tsarge cinyar wani dattijo da rana tsaka, tun daga nan mata suka daina zuwa rafi. Da aka fara zancen zuba guba, Maulbi ya hana. Ya ce, "Ku yi shinge, ku kira maƙwabta masu karnuka. Guba ba ta zaɓen baki."

Maƙwabtan nan su ne mutanen ƙauyen tsallaken kogi, masu ƙasar da muke haya muna nomawa. Su Kiristoci ne, suna farautar alade suna ci.

Wata Asabar da hantsi muna tsakiyar darasi, sai fuskar Maulbi ta sauya, ya ce in kira masa Rahim Baksh, mijin yayata. Da ya zo, ko gaisuwa bai gama ba Maulbi ya tambaye shi, "A cikin me ka zuba?"

Rahim ya zube ƙasa. "A dafaffen rogo, Allah gafarta Malam. 'Ya'yana me za su ci? Sun gama da ni!"

"Me ka gani yau da safe?"

Rahim ya ce ya hangi Waisake, shugaban mafarautan ƙauyen, da mutanensa sun saɓo aladu a sanda daga gefen gonarsa, suna murna wai yau dabbobin ko gudu ba su yi ba. Ran nan kuwa ake aurar da 'yar Waisake, jama'a sun taru daga ko'ina, yara da tsofaffi. Tsoron a kore shi daga gona ya sa Rahim ya kama bakinsa, bai gaya musu ba.

Guguwa ta tafi da gada, wayoyi sun tsinke, babu hanya sai a zaga ta daji zuwa mashigi na sama, kuma kafin mu isa an daɗe da rarraba nama. Maulbi ya ɗauki sandarsa ya ce, "Bismillah. Rahim, tare za mu."

Muna cikin wata 'yar siririyar hanya tsakanin gorori sai wari ya buge mu, sannan gurnani. Garken ne a gabanmu, ƙaton nan a kan gaba, gashin bayansa a tsaye, yana kartar ƙasa, kumfa na zuba daga bakinsa. Babu itacen hawa, babu wurin ratsewa. Na ji Rahim yana kalmar shahada a bayana. Maulbi bai rage tafiya ba. Ya isa har inda numfashin dabbar ke kaɗa rigarsa, ya ce a hankali, "Ba mu hanya, halittar Allah. Rayuka za mu ceta." Wallahi ƙaton ya sunkuyar da kai ya kutsa cikin gora, sauran suka bi shi.

Rana ta riga ta karkata lokacin da muka jiyo ƙarar ganga daga ƙauyen, ni kuwa zuciyata ta ce gangar mutuwa ce. Muka shiga muka tarar da maza sun kewaye ramin gashi, gumi na tsiyaya. Ramin kifi da kaji da gwaza ya nuna tuntuni, amma na aladun tun safe wuta ta ƙi kamawa: busasshen ice ne, sun sa ɓawon kwakwa, sun tuttula kananzir, sai ta yi bal ta mutu.

Waisake ya hango mu ya kwashe da dariya. "Maulbi! Kai da kanka wurin alade? To wallahi ka makara, ko mu ya hana mu kansa!"

Maulbi ya ce, "Ɗana, ina kayan cikin? A tsaga tumbin."

Aka tsaga. Rogo ne dam, ya yi shuɗi, warin maganin ƙwari ya cika wurin. Gangar ta tsaya. Mereoni, uwar amarya, ta fizgo jikanta da ke wasa kusa da naman ta ƙanƙame shi tana kururuwa. Samari suka waiwayo kan Rahim, don daga gefen gonarsa aka saɓo aladun, wasu har sun zaro adduna.

Maulbi ya tsaya a gabansa. "Ya yi laifi babba. Amma da ƙafarsa ya zo, ya san abin da zai tarar."

Waisake ya daɗe yana huci kafin ya ce, "Kai wawan Allah, ba ka da baki ne? Karnukana suna kwance suna ƙiba, kai kana dafa wa alade abinci!" Ya sa aka mayar da addunan, ya ce da an watse biki za su hau dutse da karnuka, mu kuma mu kafa shinge.

Aka ja mushen zuwa bayan gari don a ƙone, kada karnuka su ci. Da icen nan dai da ya ƙi ci tun safe aka rufe su. Ashana ɗaya Waisake ya ƙyasta, wuta ta tashi har ta fi tsayin mutum, kowa ya ja da baya.

Tsarki ya tabbata ga wanda wuta da dabba ba sa motsi sai da izininsa. Ya Allah, ka ƙara wa Shehinmu yarda, ka yayyafa mana albarkarsa, ka tsare gonakinmu da na maƙwabtanmu, ka tsare hannuwanmu daga cutar da bayinka. Amin.