Dabo Mai Cigiyar Jirgi

Akwai wani dattijo a ƙasar Daura ana ce masa Dabo, masunci ne a wani ƙauye da ke bakin madatsar ruwa. Ku biyo ni a hankali, don ni kaina labarin nan sai da ya sa jikina ya yi sanyi.

Lokacin da ake gina madatsar, ma'aikata suna da wani faffaɗan jirgin ƙarfe marar inji da suke ɗibar duwatsu a kansa. Da aiki ya ƙare suka kwashe kayansu suka yi gaba, suka bar shi a ruwa. Ya yi tsatsa, gefe guda ya nutse, kwaɗi suka mai da shi gida.

Ga shi kuma duk damina ruwa kan cika ya raba ƙauyen da hanyar mota. Mai zuwa kasuwar Daura ko asibiti sai ya sha zagayen da zai cinye masa rabin yini.

A shekarun da aka dawo da shari'a, wata Juma'a liman ya yi wa'azi a kan tsintuwa. Ya ce wanda ya tsinci abu ya yi cigiyarsa shekara guda. In ba a samu mai shi ba zai iya amfani da shi, amma duk ranar da mai shi ya bayyana, dole a mayar masa.

Ana sallamewa Dabo ya miƙe. "Jama'a, ina cigiya. Na tsinci jirgi a bakin ruwa. Wanda ya san mai shi ya gaya masa."

Kai! Masallaci ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Malam Dabo, a aljihu ka sa shi ko a hula?"

Bai kula su ba. Ya tara matasa suka jawo jirgin, ya kankare tsatsar, ya liƙe hudojin da kwalta. Da shekara ta cika ya ɗaura igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan a inda ruwan ya tsuke, ya fara haye da mutane da awakinsu da buhunan gero. Amma cigiyar ba ta tsaya ba. Duk Juma'a sai ya miƙe, har aka laƙaba masa Dabo Cigiya.

Matarsa Siddiƙa ta gaji da tsiyar mutane. Ta ce, "Malam, don Allah ka bari haka nan. Ko gidan suna na shiga sai a tambaye ni ko an samu mai jirgi."

Ya ce, "To an samu ne, Siddiƙa? Ranar da aka samu zan bari."

A garin akwai Badaru, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan jirgin nan, ya sha ce wa Dabo su yanka shi su raba, Dabo yana cewa ba nasa ba ne. Da Badaru ya ji gwamnati ta fara kwashe jiragen da aka yasar a hanyoyin ruwa saboda ƙananan kwale-kwale suna karo da su, sai ya garzaya ya kai tsegumi, wai wani tsoho ya ƙwace kayan hukuma. Nufinsa in an fitar da jirgin ya saye ƙarfen.

Aka turo wani jami'i mai suna Musaddiq. Ya zo a shirye da rigima, fuska a murtuke. Ya ce, "Baba, duk jirgin da aka yasar a ruwan nan yana ƙarƙashin ikon gwamnati. Wa ya ba ka izinin taɓa shi?"

Dabo ya saki igiyar hannunsa, ya ce, "Alhamdu lillahi! Ashe ku ne masu shi? Ɗana, shekara nawa ina nemanku!"

Ya shiga gida ya jawo wata ƙatuwar sarƙa da ya cire a jikin jirgin tun farko, ya adana don kada a sace. Ya ajiye ta a gaban Musaddiq. "Wannan ma taku ce."

Musaddiq ya shiga bincike. Ya tambayi liman, ya tambayi mutanen gari, kowa ya shaida cigiyar, har da waɗanda suka fi kowa dariya. Amma umarni umarni ne. Ya ɗaure jirgin da sarƙar nan, ya sa kwaɗo, ya ce zai kai maganar gaba.

Wallahi kwanakin nan sun yi wa ƙauyen nauyi. Mata suka koma zagaye da kaya a ka, marasa lafiya a kan amalanke. Dabo yakan je ya zauna a bakin ruwa yana kallon jirgin, abinci ma ya daina shiga masa. Matasa suka ce su fasa kwaɗon. Ya ce, "Kul! Na yi cigiya, mai shi ya zo. Kuna so in zama maƙaryaci da furfurata?"

Bayan 'yan makonni Musaddiq ya dawo da masu duba lafiyar jirgi da rigunan kariya daga nutsewa. Badaru na gefe da motar ɗaukar ƙarfe, yana murmushi. Musaddiq ya buɗe kwaɗon, ya durƙusa ya danƙa wa Dabo makullin.

"Baba, na gaya wa manyana abin da na gani. Jirgin na gwamnati ne, kuma ba za a yanka shi ba. Mai shi yana roƙonka ka ci gaba da riƙe masa."

Badaru ya sulale, motarsa ta koma wayam.

Da Juma'a ta zagayo, ana sallamewa Dabo ya miƙe kamar kullum. Yara har sun fara ƙunshe dariya. Ya buɗe baki, hawaye na bin gemunsa. Da ƙyar ya ce, "Jama'a, an samu mai jirgi."

Ranar babu wanda ya yi dariya.

Darasi: Abin da ba naka ba ne, ko shekara nawa ya yi a hannunka, ka riƙe shi a matsayin amana, ka kuma yarda ka mayar ko da ranka yana ciwo. Gaskiyar da ake maka dariya a kanta yau, ita za ta tsaya maka gobe. Ku tura wa 'yan uwa da abokai su ma su karanta.