Gado Shida, Ƙofa Ɗaya

Akwai wani bawan Allah a unguwar Harra ta Yamma a Madina, sunansa Haisam. Kakanninsa ne suka zo aikin Hajji suka zauna, shi kuwa a Madina aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Matarsa Zakiyya 'yar Gusau ce.

Haisam mayen fita daji ne. Da sanyi ya shigo, ranar Alhamis ba ka ganinsa a gari. Sai ya ƙudura sayen karfan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota.

Zakiyya ta ce ƙarami ya ishe su, tunda su biyu ne. In baƙi sun zo, a kafa tanti.

"Tanti? Hajiya ta taso tun daga Gusau in kwantar da ita a tanti? La wallah, aibu ne!"

"Ka dai saurare ni, ba ka san..."

"Halas, ya Zakiyya. Na gama magana."

Ya sayo mai gado shida, ɗaki ɗaya zungurere. Duk burinsa surukarsa, wadda sau ɗaya take zuwa Umra a shekara, ta ga 'yarta na hannun mai mutunci.

Surukar tasa, Hajiya Larai, ta iso. Bayan ta huta, suka fita bayan gari da la'asar. Haisam ya buɗe ƙofa yana washe baki.

"Tafaddali, Hajiya. Ga gadonki, ga namu can."

Tsohuwa ta leƙa, ta ga gadajen a jere suna kallon juna. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma gindin wata ƙaya ta zauna a tabarma. Ba ta dube shi ba, 'yarta ta yi wa magana.

"Ke Zakiyya, ni da mijinki ɗaki ɗaya? A ina aka taɓa yi?"

Wallahi Haisam ya ba ni tausayi. Ya so ya girmama ta, ga shi ya sa ta jin kunya. Bai yi musu ba, ya ɗauki bargo ya bar musu karfan ɗin, ya nufi mota.

Washegari da hantsi Hajiya ta fito ta hango shi a kujerar gaba, dogon mutum ya nannaɗe, wuya a karkace. Ta danne dariya da bakin mayafi.

"Zakiyya, ki ce da shi ya shiga ya miƙe ƙafa, ni na tashi. Ki kuma ce da shi, wanda ya bar mini gado shida ya kwana a kujera, ban da haufi a kansa. Allah ya yi masa albarka."

Haisam ya ji komai. Ya shige ciki yana dafe da wuya, idonsa ya ciko.

Darasi: Kafin ka yi wa baƙo tanadi, tambayi wanda ya san shi. Yawan gado ba shi ne karramawa ba, kuma wanda ya karɓi kuskurensa da ladabi ba ya taɓewa. Ku tura wa maigidan da ba ya bari matarsa ta ƙarasa magana.