Mariƙin da Subhan Ya Sa a Yini Ɗaya

Subhan ƙanin mijina ne, kuma tun da na san shi bai taɓa jiran shayi ya huce ba. Yana da hannu, wannan ba zan hana shi ba. Amma gaggawa ta yi masa katutu, ga girman kai. A ganinsa, duk wanda ya yi kwana uku a kan aikin kwana uku rago ne.

Gidanmu a bakin kogin Lidar yake, sana'armu haɗa sandar fatsa. Mijina Samad ne mai aikin. Ni ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Shekara ashirin ina tsince shinkafa a gefe ina kallon hannunsa, da ya rasu na ɗauki magagarinsa na ci gaba. Duk shikarin kwarin nan, wato masu raka baƙi kamun kifi, wurina suke kawo sandunansu kafin a buɗe ruwa, wato ranar da ake ba da izinin fara kamun kifi a shekara. Da su nake ci. Abin da ya tsone wa Subhan ido ke nan. Ya ce gadon yayansa ne mace ta hau ta zauna, kuma sai ya raba ni da su. Ya kafa rumfa daura da ƙofata, ya sayo injin huda, ya rataye allo cewa yana sa mariƙi a yini ɗaya.

Mariƙin sanda da ɓawon itacen nan mai laushi ake yin sa, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Zobe-zobe yake zuwa. Ita kuwa sanda gindinta ya fi kauri, tana tafiya tana sirancewa, don haka kowane zobe da nasa ramin. Ka goga da magagari, ka gwada, ka cire, ka sake gogawa, har ya zauna daram. In an yi haka, duk jan da kifi ya yi ƙara kama sandar mariƙin yake. Sannan a shafa gam, a matse, a bar shi kwana uku.

Ana saura kwana biyu a buɗe ruwa, sai ga Rajab Lon, babban shikari, da sandar gorar da ya gada wurin ubansa. Mariƙinta ya zaizaye. Ya tsaya a tsakiyar lungu, tsakanin ƙofata da rumfar.

Subhan ya ce, "Kawo nan, Rajab. In ka ba matar Yaya, sai kifayen sun yi jikoki kafin ka sake ganin sandarka."

Rajab ya dube ni. "Fazi, kin ji ƙaninki."

Na ce, "Na ji. Kwana huɗu ne a wurina. Haka yake bara, haka yake bana."

"Jibi fa ake buɗe ruwa."

"Yau ka san ranar? Ina kake duk sanyin nan? Kana rungume da kaskon wuta a cikin riga kamar mai jego."

Masu shan shayi a bakin hanya suka yi dariya. Rajab ba ya son a yi masa dariya. Ya miƙa wa Subhan sandar, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "In ka gama yau kuma ta yi kyau, ni da mutanena duka mun dawo wurinka. Mun gaji da bakin tsohuwar nan."

Bayan azahar na tsallaka na leƙa. Ya manne zobban gaba ɗaya, ya zura inji ya huda su miƙe, rami ɗaya daidai kaurin gindin sandar. Ƙasa ya zauna, sama yana lilo. Ina tsaye ya yayyaga jarida ya nannaɗe sandar, ya malala gam, ya tura mariƙin a kai.

Na ce, "Me kake cusawa a ciki?"

"Ina ruwanki?"

"Jarida ce, Subhan. Cikin ruwan ƙanƙara za a shiga da ita."

"Gam ya rufe. Wa zai leƙa ciki? Ki koma ki hura wutarki. Shekara da shekaru kina ruɗin mutane da goge-goge don a ce kin iya."

"Da yayanka ya ga wannan, da ya karya maka yatsu."

"Yayana ya tafi. Ke ma in kin yi haƙuri za ki bi shi."

Na juya na bar shi. Ya murza wajen mariƙin a inji har ya yi sumul kamar ƙwai. Gaskiya ɗaya ce, a ido ya fi nawa kyau.

Da la'asar Rajab ya zo karɓa. Na tare shi a ƙofata na ce, "Kada ka shiga ruwa da ita. Cikinta jarida ce, gam ɗin ma bai bushe ba."

Ya jujjuya sandar, ya shafa mariƙin. "Baƙin ciki ne zai kashe ki, Fazi."

"To. Na faɗa, kunnuwa sun ji."

Na koma ciki. Ba na maimaita magana ga mai furfura.

A wurinmu, ranar buɗe ruwa babban shikari ne ke fara kama kifi, sauran suna tsaye sai ya ciro nasa. Ina kan dutsen bakin gidana ina wanke ganyen miya, ina ganin komai. Subhan ya zo da sabuwar rigar ulu, ya tsaya gaba-gaba don a gan shi. Rajab ya shiga ruwa har cinya. Kogin ya kawo da narkakkiyar ƙanƙara, yana ta fallatsa masa, sau biyu ma ya tsoma hannu da sandar don ya tsare santsi.

Can wajen hantsi wani babban kifi ya kama. Sandar ta lanƙwashe. Rajab ya dafe, sai mariƙin ya juya a hannunsa, abin naɗe zaren da ke ɗaure a kai ya koma sama. Kifin ya fizga. Sandar ta zare daga cikin mariƙin kamar wuƙa daga kube, zaren ya tsinke, ruwa ya ja ta cikin duwatsu. Mutum huɗu suka bi gaɓa da gudu, suka dawo hannu wofi.

Rajab ya fito da mariƙin a hannu. Bai yi ihu ba. Ya ɗora shi a kan dutse, ya tsaga da wuƙa, ya yakuto jiƙaƙƙiyar jaridar ya manna wa Subhan a ƙirjin sabuwar rigar.

"Karanta mana. Muna son jin labarin da ya ci sandar ubana."

Subhan ya ce, "Ruwan ne ya yi ƙarfi bana."

Wani shikari ya ce, "To, ka bari mu koma kamun kifi a tudu, sai mu kawo maka aiki."

Rajab ya ɗago ya hango ni. "Ke ba za ki ce komai ba?"

Na ce, "Na riga na faɗa." Na ɗauki kwandona na shiga gida.

Ba a sake ganin sandar ba. Ba kuma wanda ya sake kai wa Subhan ko da ƙugiya ya gyara. Kafin kaka ya sauke allonsa, ya sayar da injin. Wata safiya ya shigo mini yana sunkuyar da kai, wai in bar shi ya yi aiki a ƙarƙashina. Ban kore shi ba, jinin mijina ne. Na ba shi magagari da zobe ɗaya, na ce ya goga har ya zauna. Ya gwada sau uku, ya ce ya isa. Na ce bai isa ba. Kafin shayi ya tafasa ya ajiye magagarin ya fita. Yanzu yana jan dokin masu yawon buɗe ido zuwa kan dutse.

Darasin a fili yake. Aikin da ido ba ya gani shi ne ke riƙe da wanda ake gani, kuma ha'incin da ka ɓoye a ciki ba ya zama a ɓoye, ranar da aka fi dogara da kai yake fitowa. Mai gaggawa yana cin yini guda ya zubar da sunan shekaru. Kai kuma mai ba da aiki, kada zafin bakin mai gaskiya ya tura ka hannun mai daɗin baki, domin asarar ba a kansa kaɗai take faɗuwa ba.