Ƙayar Bushiya ta Ƙarshe

An yi wani gari na dabbobi da ake kira Gangaren Tsamiya. A kan tudu yake, kowace hanya a cikinsa gangarawa take yi zuwa kasuwa. Garin yana da ƙaramar hukumarsa, da ciyaman, da kansiloli, da kotu a gindin tsamiya inda tsoho Kunkuru yake alƙalanci.

Ciyaman shi ne Gadu, mai haure biyu a waje, wanda ko gaisuwa yake amsawa sai ka ɗauka faɗa ne. Kansilan noma kuwa Burgu ne. Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba, amma lokacin zaɓe shi ya bi rami-rami yana nema wa Gadu ƙuri'a, shi ya sa da aka ci aka ba shi noma. Kumatunsa kullum a cike suke. In an tambaye shi, sai ya ce haƙori ke damunsa.

Sai Bushiya, mai gabatar da ƙara. A dokar garin ba a tona ramin kowa, ba a kai kowa gaban alƙali, sai Bushiya ta cire ƙaya ɗaya daga bayanta ta soka a ƙofar gidansa da hannunta. Ƙayar nan ita ce sammaci. Bushiya ta san doka kamar yunwar cikinta, ga iya magana. Aibinta ɗaya ne: da zarar ta ji sunan wani babba, sai jikinta ya dunƙule, ba kai ba ƙafa.

Al'adar garin ce, bayan girbi kowane gida ya kai irin shukarsa rumbun gari, a yaɓe bakinsa da laka, ba a buɗewa sai ruwan farko ya sauka. Kowane gida da yadda yake gyara irinsa don kada ƙwari su ci. Wasu toka suke sawa, wasu ganyen darbejiya. Bushiya kaɗai ke haɗa toka da dakakken barkono, kamar yadda marigayiya mahaifiyarta ta koya mata. Kula da rumbun kuwa yana hannun Burgu.

Wata safiya da bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ga Zabuwa a ofishin Bushiya. Zabuwa manomiya ce, kuma ba a taɓa jin ta yi magana a hankali ba.

"Barista, kin kwana lafiya? To ni ban kwana lafiya ba," in ji ta. "Na ƙwanƙwasa rumbun iri da bakina, ƙara yake kamar ganga. Ga rami a ƙarƙashinsa, ga gero ya zuba a hanya tiryan-tiryan har ƙofar Burgu."

"Wane Burgu?" in ji Bushiya.

"Burgu nawa gare mu? Na Ciyaman mana."

Bushiya ta ji bayanta ya fara lanƙwasa. Ta daure ta ce, "Za a duba."

"A duba me? Ai ni na duba. Ke sokawa ce taki."

"Yaya Zabuwa, irin wannan magana sai da bincike. Ba a gaggawa."

"Ki gaya wa hadari haka," in ji Zabuwa. "In ruwa ya sauka babu iri, binciken za mu shuka?"

Bushiya ta je ta gani da idonta. Duk abin da Zabuwa ta faɗa haka yake. Ta bi geron da ya zuba har ta hango ƙofar Burgu, sai ƙafarta ta ƙi gaba. Tana cikin waige-waige sai ta ga su Tururuwa a jere, kowace ɗauke da ƙwaya ɗaya da ta tsinta a hanya. Nan take ta samu mafita. Ta cire ƙaya ta soka a ƙofar Tururuwa.

"Barista, tsintuwa muka yi," in ji Uwar Tururuwa. "Ki dubi girmanmu, ki dubi girman ramin da ke ƙarƙashin rumbu."

"Sai ku yi bayani a kotu," in ji Bushiya, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Kunkuru ya saurari ƙara. An kama su da gero a baki, ba yadda zai yi, ya yanke musu sharar kasuwa kwana bakwai. Da yake gidan Tururuwa ƙofofi ne barkatai, washegari Bushiya ta soka a ta biyu, jibi a ta uku. Ranar da ta ji zafin aiki sosai takan soka goma. Kasuwa ta yi fes, ba a taɓa ganin ta da tsabta haka ba, rumbu kuwa yana ta ƙara zama ganga.

Rannan ta haɗu da Gadu a hanya. Ya tsaya, ya goga haurensa a jikin kututture.

"Barista, ina jin labarin ƙoƙarinki," in ji shi. "Ki ci gaba da kama mana ɓarayin nan. Amma ban da sauraron masu surutu. Kin san bayan damina za a sake duba kujeru."

Bushiya kuwa tuni ta dunƙule. Sai da ta ji takunsa ya yi nisa ta fito da hanci. Kunya ta ishe ta, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi, don haka ta je ta ƙara soka wa Tururuwa biyu.

Zabuwa kuwa ba ta fasa zuwa ba. "Barista, kin ga bayanki kuwa? Ya koma tsohuwar tsintsiya. Duk kin ƙarar da ƙayarki a kan marasa gata."

"Aikin ofis ne, ba za ki gane ba," in ji Bushiya.

Ranar kasuwa da hantsi, sai ga Burgu da kansa ya yi sallama, ɗauke da ƙwarya rufe da faifai. Ya ƙara ƙiba, tafiya ma da nishi yake yi.

"Barista, ga ɗan abin kunu," in ji shi, maganar tana fita da ƙyar saboda kumatu. "Daga gonata. Ciyaman ya ce a riƙa tunawa da ma'aikata masu hankali."

"Gonarka, Onarabul? Ashe kana da gona?"

"Tana can nesa," in ji Burgu, ya juya ya tafi.

Bushiya ta ɗaga faifai, ta sa hanci. Sai atishawa, ta ƙara, ta sake ƙarawa har idonta ya kawo ruwa. Toka ce da barkono. Ta dubi geron nan da kyau, na manyan zangarniyoyin nan ne da ta zaɓa da hannunta ta sussuka bara. Burgu da bai taɓa noma ba, bai san kowane gida yana gane irinsa ba. Ya sace irinta, kuma ya kawo mata shi toshiyar baki.

Ranta ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi ba. Ta miƙa hannu baya ta shafa. Santsi. Ta sake shafawa, can a tsakiyar gadon baya ta ji guda ɗaya tak.

Ta fita ba ta ko rufe ofis ba. Gidan Burgu yana ƙasan gangare, dab da kasuwa. Ta iso bakin gangaren ke nan sai ta ji an yi gyaran murya a bayanta.

"Ina zuwa da sauri haka, Barista?" in ji Gadu.

Ba ta yi niyya ba, wallahi ba ta yi ba, amma jiki ya riga ya saba. Ta dunƙule. A da in ta dunƙule ƙayoyinta ne ke riƙe ta a ƙasa. Yau babu su, sai ta gangara kamar goruba. Ta wuce masu daddawa, ta wuce masu tukwane, ta watsa wa Kwaɗo tiren gyaɗa, ba ta tsaya ba sai da ta daki ƙofar Burgu. Da ta warware, ga ƙayarta ta ƙarshe a kafe a jikin ƙofar, ga kasuwa gaba ɗaya ta zuba ido.

Gadu ya iso yana huci. "Jama'a, kowa ya ga haɗari ne," in ji shi. "Doka ta ce da hannu ake sokawa. Barista, zare abarki, Allah ya kiyaye gaba."

Bushiya ta miƙe jiri yana ɗibarta. Ta dubi hauren Gadu, ta dubi hadarin da ya haɗu a gabas. Ƙamshin barkonon mahaifiyarta yana nan a hancinta. Ta sa hannu ta zare ƙayar.

"Gaskiyarka, ranka ya daɗe," in ji Bushiya. "Doka ta ce da hannu."

Ta ɗaga ƙayar sama yadda kowa zai gani, ta soka ta a ƙofar har rabi. "To ga shi da hannu."

Kafin Gadu ya buɗe baki, masu fartanya sun fara tono, Zabuwa a gaba tana watsa ƙasa da ƙafa biyu. Burgu da ya ji motsi sai ya nufi ƙofar baya. Da ya fita haka nan da ya tsira, amma ina, sai da ya tsaya ya ƙara cusa gero a kumatu. Kumatun suka maƙale a bakin rami, ba gaba ba baya. Da wutsiya aka jawo shi, kuma da yake irin Bushiya ya ɗiba, yana fitowa ya saki atishawa, gero ya watsu a fuskar Ciyaman.

Gadu ya share fuska ya ce, "Ni da ma ban taɓa yarda da yaron nan ba."

Sai dai irin da aka samu a ramin bai kai rabin abin da ya ɓata ba. A can ƙurya kuma aka ga wata hanya mai faɗi ta haura tudu, ta nufi bayan gidan Gadu.

"Ranka ya daɗe, ai babban rabon naka ne," in ji Burgu cikin kuka. "Ni dako kawai nake yi."

Jama'a suka juya ga Bushiya. Gadu ma ya juya, ya zagaya bayanta, ya dube shi sama da ƙasa, sai ya fashe da dariya.

"To bismilla, Barista, ga ƙofata can. Ina ƙayar? Ki jira ta tsiro, ma haɗu da kaka."

Gaskiya ya faɗa, ƙaya ba ta tsirowa a wata ɗaya, ruwa kuwa yau ko gobe. Bushiya ta sunkuyar da kai. Babu wanda ya cuce ta sai ita da kanta, kuma ta sani.

Ana cikin haka sai aka ga wani baƙin layi ya taso daga bayan kasuwa. Su Tururuwa ne, huɗu-huɗu, kowace huɗu ɗauke da ƙaya guda. In an gama shari'a ƙayar sammaci takan zama ta mai gida, yawanci a bola ake jefa ta. Amma Tururuwa ba sa yar da komai. Suka tara su a gaban Bushiya har suka yi tsibi.

"Barista, ga kayanki," in ji Uwar Tururuwa. "Mun ga sun yi mana yawa, mun ce wataƙila wata rana ki buƙace su."

Da zagi tsohuwar ta yi, da ya fi wa Bushiya sauƙi. Ta durƙusa ta ce, "Inna, na zalunce ku. Ku yafe mini."

"Ki tashi ki yi aikinki tukuna, hadari ba ya jira," in ji tsohuwar.

"Wannan tsohuwar ƙaya ce, an riga an yi aiki da ita," in ji Gadu, dariyar ta ɗauke. "Ba ta halatta ba."

Alƙali Kunkuru, wanda tun farkon hayaniyar ya baro gindin tsamiya, sai a lokacin ya iso. Ya fito da wuya ya ce, "Doka ta ce ƙayar Bushiya, da hannun Bushiya. Ban ga inda ta ce sabuwa ba."

Bushiya ta zaɓi wadda ta fi tsini, ta haura tudu, gari duka a bayanta. Sau biyu jikinta ya so ya dunƙule a hanya, sau biyu Zabuwa ta ce, "Kul, in kika gangara ba mai ɗauko ki." Ta soka ƙayar a ƙofar Ciyaman. Aka tona, aka sami sauran irin cif, kowane gida ya gane nasa.

Bayan kwana biyu ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka. Kunkuru ya sauke Gadu da Burgu daga kujerunsu, ya yanke musu noman gonakin gari damina guda. Gadu ya yi huɗa da haurensa, kuma a faɗi gaskiya ba a taɓa ganin kunya miƙaƙƙiya kamar tasa ba. Burgu ya riƙe fartanya karo na farko, ciwon haƙorinsa kuwa ya warke ba magani.

Bushiya ba wanda ya yanke mata komai. Ita ta ɗauki tsintsiya da kanta ta share kasuwa, kwana bakwai ga kowace ƙofar Tururuwa. Har aka yi girbi tana shara, sauran ƙayoyin kuwa suna ɗaure a ƙugunta, ba ta ƙara taɓa ko ɗaya ba sai ta tabbatar da ƙofar da ta dace.

Darasin wannan labari shi ne, wanda aka damƙa wa ikon gurfanar da mai laifi, kada ya ƙarar da shi a kan raunana don tsoron masu uwa a gindin murhu. Ɓarawon da ka kau da kai daga gare shi saboda girman ubangidansa, rumbun da yake ci har da naka irin a ciki.