Makullin Gidan Tabawa

Ku matso ku ji labarin Tabawa, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a wani gidan ƙasa a Funtuwa. Shekara shida da rasuwar mijinta, 'ya'ya duk sun watse, sai ta wuni ba ta ji muryar kowa ba in ba rediyo ba. Amma ko an ba ta gidan bene ba za ta bar ɗakin da ta haihu a ciki ba.

Sai gindin katangar ɗakin ya fara jiƙa yana zubewa. 'Yarta ta bugo waya daga Legas ta ce, "Inna, ranar da katangar nan ta faɗi, ranar zan zo in ɗauke ki." Hankalin Tabawa ya tashi, ga shi ta rasa inda ruwan ke fitowa.

Maƙwabciyarta Alti mai ƙosai ce ta lura da ɗanyar ciyawa ta tsiro a bayan katangar, a tsakiyar rani. Ta ɗauko fartanya ta tona, sai ga mahaɗin bututun famfo yana tsiyaya. Ashe marigayi mijinta ne tun yana da rai ya naɗe shi da tsumma ya binne, wai ya gyara. Allah ya jiƙan maza!

Aka kira Gambo mai gyaran famfo. Tsatsa ta cinye mahaɗin, da wani ne da ya karya bututun. Shi kuwa ya yi ta ɗiga masa baƙin mai yana lallaɓa shi da sifana, har ya kwance lafiya. Ya fita nema, ya dawo ya ce, "Iya, robar ciki ce ta ruɓe, kuma irin ta da ce. Na zaga kasuwa, babu."

Nan Ɗan'asabe mai faci ya shigo da tsohon tiyub da reza. Sau huɗu yana yanka sabuwar roba yana gwadawa kafin ta zauna daram. Gambo ya ɗaure. Ranar Alhamis aka kawo ruwa, ko ɗigo bai fita ba, katanga ta tsira.

Kwana uku gidan na cike da hayaniya, Tabawa har dariya ta yi. Da kowa ya kama gabansa, shirun ya dawo, ya ma fi na da nauyi. 'Yarta ta ce ta yarda Tabawa ta zauna, amma sai ta ba mutum ɗaya makullin gida, wanda zai riƙa leƙowa kowace safiya ya ga ko ta tashi.

Makullin da ya rage ɗaya ne, na marigayi. Ba don Alti ba, da ba a gano ciwon ba. Gambo ya kwance abin da ya gagara, Ɗan'asabe ya yi abin da babu a kasuwa. Tabawa na zaune bakin famfo tana juya makulli a hannu.

To jama'a, a cikin ukun nan wa ya cancanta ta miƙa wa?