Duna da Jan Kwikwiyo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A wani gari na bakin tafki an yi wani maharbi mai baƙaƙen karnuka. In ya harbo agwagwar ruwa ta faɗa tsakiyar tafki, su ke iyo su ɗauko masa. Babbansu Duna ya iya aiki, wannan ba a ƙwace masa, amma cika bakinsa ya fi aikin yawa. Kullum maganarsa ke nan: "Mu tun kaka da kakanni baƙaƙe ne wuluk, ko tabo babu."

Ana nan, sai matarsa Shuni ta haihu. Uku baƙaƙe, na huɗu ja kamar manja.

To, mu maza kun san halinmu. In abu ya ɓaci a gida, kowa muke tuhuma ban da mai gemu.

Duna ya ce, "Shuni, wannan fa?"

Ta ce, "Ɗanka ne, maigida."

Ya ce, "Baƙi da baƙa su haifi ja? Wannan aikin Dila ne."

Sai ya bi gari gida-gida yana faɗa. Da ya dawo ya ce zai kai wa Dila kayansa can tsallaken tafki. Shuni ta yi kuka ta ce, "In ka baro shi can, ka dawo ba za ka same ni ba." Ko a jikinsa. Ya ɗauki kwikwiyo a baki ya faɗa ruwa.

Yana hayewa sai ga wani jan kare a bakin gona. Ya ƙare wa Duna kallo ya ce, "Kunnen gidanmu sak. Ni kawunka ne." Duna ya so ya musa, amma baki cike. Sai ya wuce.

Can gaba sai ga wata tsohuwar karya, ita ma ja. Ta ce, "Tafiyar yayana ke nan. Ba ka gaida goggonka?" Duna ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri.

A bakin ramin Dila sai ya tarar da wata jar karya sa'arsa. Ta ce, "Ajiye shi, Duna. Ciki ɗaya muka kwanta da kai. Kafin idonka ya buɗe aka ɗauke ni daga gefenka."

Ya ajiye kwikwiyo. Ta ce, "Maharban garinku in aka haifi ja, sai su hayo da shi su bar wa manoma, a rufe zancen. Shi ya sa kuke ganin kanku baƙaƙe zalla. Ja ɓuya yake a bayan baƙi. Sai uwa na ɗauke da shi, uba ma na ɗauke da shi, sannan ya leƙo."

Ya ce, "Da aka haife ki, me Baba ya ce?"

Ta ce, "Cewa ya yi aikin Dila ne."

Kunya ta rufe Duna. Ya ɗauki ɗansa ya sake faɗawa ruwa.

Ya iske Shuni a bakin ƙofa, ta yi shirin tafiya. Ta ce, "Dila bai karɓa ba?"

Ya ce, "Na je neman Dila na tarar da dangina. Ashe a gidanmu abu biyu ake gado, ja da wauta, ni kuwa na kwaso duka."

Ta ce, "Da bakin da ka zaga gari, da shi za ka koma."

Sai ya koma, gida-gida, ana yi masa dariya yana taya su.

Washegari maharbi ya zo da kwando zai ɗauki jan kwikwiyo. Sai ya tarar da Duna kwance a kansa, haƙora waje. Ya miƙa hannu, Duna ya yi gurnani. Maharbi ya juya da kwandonsa wayam.

Kafin ka ce ɗa bai yi kama da kai ba, fara bincika wanda gidanku suka ɓoye.

Ƙurunƙus, na sauke ta a nan.