Fanka Biyu da Mukullin Garejin Malam Barau

Ya kai mai karatu mai daraja, Allah Ya ƙara maka basira. Kafin ka shiga wannan labari ina roƙonka ka gyara zama, ka ajiye abin da ke hannunka, domin al'amarin da zan shimfiɗa maka ba irin wanda ake saurara da rabin kunne ba ne. Ni mai wannan rubutu na karantar da yara tun zamanin da ake tsoma alƙalami cikin tawada, na shugabanci makarantu, na raba gardamar manya da ƙanana, har matasan garinmu masu tseren motoci suka ga babu wanda ya dace ya zama uban ƙungiyarsu sai ni. A kan wannan kujera aka kawo mini shari'ar da zan ba ka. Rabinta na yanke, rabinta kuwa na kawo maka, kai da duk wanda ke zaune kusa da kai.

A Funtuwa akwai wani tsohon bakanike, Malam Barau, wanda ganinsa ya fara rauni har ya daina bambanta noti da ɗan'uwansa sai da laluben yatsa. Yana da 'ya'ya uku. Ɗayyabu ne babba, shi ya gaji hannun uban a kan injin. Rabilu ne mai bi masa, wanda ya je Ikko ya koyo aikin zamani. Sagiru ne auta, direba, wanda sitiyari ke bi kamar raƙumi da akala. Suna da wata tsohuwar Marsandi da suka gyara domin tsere, suna kiranta Gwaggo. Da gasar shekara ta gabato, Malam Barau ya tara su, ya ɗaga mukullin gareji, ya ce duk wanda ya sa Gwaggo ta ci kofi shi zai riƙe shi. Gareji kuwa maigida ɗaya yake da shi. Sauran duk yaran gida ne, ko da uwa ɗaya ta haife su.

Dole in tsaya in fahimtar da kai abu ɗaya. A jikin injin irin wannan akwai wata na'ura da ake kira turbo. Hayaƙin da injin ke fitarwa shi ke juya ta, ita kuma ta juya wata 'yar fanka da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda ke ɗura wa injin iska domin ya ƙara ƙarfi. Fankar nan iri biyu ce. Akwai ta zubi, wadda ake narka ƙarfe a zuba a mazubi, kamar yadda maƙera ke zuba tukunya. Tana da kauri, tana da nauyin tashi, kuma idan aka matsa mata fiye da kima tana iya tarwatsewa, domin zubi ba ya rasa ɗan kumfa a ɓoye. Akwai kuma ta sassaƙa, wadda matasa ke kira bilet, wadda inji ke sassaƙowa daga dunƙulen ƙarfe guda. Fikafikanta sirara ne, tana farkawa da wuri, tana shan iska mai yawa.

Ɗayyabu shi ya haɗa injin Gwaggo tun daga tushe, shi ya ɗaura mata fankar zubi, ya daidaita ta da hannunsa har ta daina ko rawar kai, ya kuma yi 'yar alama da bakin wuƙa a inda notinta ya zauna. A ganinsa mukulli ya riga ya shiga aljihunsa. Sai ga Rabilu ya iso daga Ikko da wani ɗan akwati. Da ya buɗe, fankar sassaƙa na kwance cikin auduga tana walƙiya kamar ɗan kunnen amarya. Makanikan layin duk suka bar aikinsu suka taru, suna ɗaukarta hoto, suna kiran Rabilu Injiniya. Ɗayyabu bai taɓa jin an kira shi Injiniya ba. Aka cire tsohuwar fanka aka jefa cikin tiren tarkace, aka ɗaura sabuwa, Sagiru ya zaga da motar ya dawo yana dariya.

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji shi yana duban Ɗayyabu, "amma taka sai na roƙe ta take tashi. Wannan kuwa tun ina tunanin taka totur ta riga ni."

Ɗayyabu ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Da jama'a suka watse, ya sunkuya ya tsamo tsohuwar fankarsa daga tarkace, ya goge ta, ya naɗe cikin hankici ya jefa a jakar kayan aikinsa. Bai yi haka don hangen nesa ba. Ya yi ne don ransa bai yarda ba, kuma yana jiran ranar da za a neme ta.

Ranar gasa aka hallara a wani fili mai tsakuwa a bayan gari. Su masu wannan wasa suna da wata ɗabi'a da ni har yau ban gane hikimarta ba: suna ƙaunar kukan turbo, wato fiton da take yi idan tana zuƙar iska, fiye da yadda suke ƙaunar gudun kansa. Rabilu, da yabo ya riga ya hau masa kai, ya so kowa a filin ya ji muryar fankarsa. Ya buɗe bonet ya kwance matatar iska, wadda ke tare yashi da tsakuwa, ya ajiye ta gefe. Ɗayyabu yana tsaye yana gani. Ya san filin, ya san abin da ƙwayar tsakuwa ɗaya za ta yi wa waɗannan siraran fikafikai. Ya buɗe baki zai yi magana, sai aka tayar da mota, ta yi wani fito mai zaƙi, jama'a suka ɗauki kirarin Injiniya. Ɗayyabu ya rufe bakinsa. Ya ɗauke matatar a hankali ya sa a jakarsa, kusa da hankicin nan.

Gaskiya ita ce fankar Rabilu ta yi aikinta. Filin gajere ne, wanda ya riga tashi shi ke riga isa, motocin da aka kara da su kuwa duk sun fi Gwaggo ƙuruciya. Zagaye bayan zagaye ta bar su a baya tun daga layin farko, abin da fankar zubi ba za ta taɓa iyawa ba. Ɗayyabu ya san haka, saninsa kuma shi ya fi ci masa rai. Amma a zagayen kusa da ƙarshe, motar da ke gefe ta kwashi tsakuwa da tayarta ta watso. Sagiru ya ji fiton ya koma ƙara mai kaushi. Da wani direba ne da ya ƙara taka totur; shi kuwa ya ɗaga ƙafa, ya bar motar ta ƙarasa layin da sauran gudun da ke jikinta, ta wuce da ƙyar, ya kashe ta kafin ɓarɓashin ƙarfe ya kai cikin injin. Da aka buɗe, fikafikan fankar sun zama kamar haƙoran tsohon zarto. Rabilu ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Nan Ɗayyabu ya buɗe jakarsa. Ya warware hankici, ya ɗaura tsohuwar fanka, ya ɗaure notin daidai kan alamar bakin wuƙar nan, ya mayar da matatar iska mazauninta, duk kafin a kira zagayen ƙarshe. Ya gaya wa Sagiru cewa wannan ba ta son gaggawa kuma ba ta son a ƙure ta. Sagiru ya ce ya san halinta, ai ya daɗe yana roƙonta. A bakin layi ya danne birki da ƙafa ɗaya, ya ɗan taka totur da ɗaya, har fankar ta farka tun kafin a sauke tuta. A hanya kuma ya riƙa sauya giya da wuri don kada ta kai inda za ta fashe. Gwaggo ta ci kofi da tsawon bonet ɗinta kawai.

Ana cikin murna Rabilu ya tsaya yana duban injin, sannan ya dubi jakar wansa.

"Yaya Ɗayyabu, fankar dai na gane, ka ce tsautsayi ka yi wa tanadi. Amma matatar nan da na ajiye, yaushe ta shiga jakarka?"

"Lokacin da ka ajiye ta."

"Ashe ka gani."

"Na gani, Injiniya."

Washegari aka kawo mini su, Malam Barau na zaune gefena da mukulli a hannu. Rabilu ya ce ba don fankarsa ba da tun zagayen farko an kora Gwaggo gida, da ba a ma kai inda za a nemi tsohuwar fanka ba. Kuskurensa na wauta ne, kalma ɗaya kuma daga bakin wansa da ta gyara shi. Ɗayyabu ya ce shi ya haɗa injin da dukansu ke taƙama da shi, kuma fankarsa ce a ciki sa'ad da aka ci kofi. Bai cire komai ba, bai ɓata komai ba, shiru kawai ya yi. Sagiru, wanda ashe shi ma ya daɗe yana jin zafin a kira shi direba kawai, ya ce fankar farko kunnensa ne ya hana ta kashe injin, ta biyu kuma ƙafarsa ce ta rufa mata asiri. Su biyun ƙarfe suka kawo, shi ya kawo kofi.

Na yi wa Rabilu faɗa irin wanda ake yi wa ɗalibi mai rawar kai, na sallame shi. Ɗayyabu kuwa, saboda ya ga ɗan'uwansa zai faɗa rami ya kame bakinsa, na ci shi tarar rago guda mai ƙaho, a yanka wa 'yan ƙungiya, kuma ya rataye fankar da ta lalace da hannunsa a bangon gareji inda zai riƙa ganinta kullum. Ya biya, ya rataye. Amma tara ba ta raba mukulli ba, domin Malam Barau bai ce wanda ya fi kyan zuciya ba, cewa ya yi wanda ya sa Gwaggo ta ci kofi. Har yanzu mukullin na aljihun tsohon. To, ya kai mai karatu, wanda ya kai ta zagayen ƙarshe, da wanda hassadarsa ta tanadi abin da ya cece ta, da wanda ya tuƙa ta da fanka biyu: a hannun wa za ka sa shi?